Shekarata a Ƙarƙashin Motar Madam Awa

Jiya bayan la'asar na iske ku kun duƙufa kan waya guda a bakin gareji, kuna kallon motocin tsere suna tashi sama suna dira cikin daji. Na ji ɗayanku na cewa wanga ai ba aiki ba ne, taka totur ne kurum da rashin tsoro, wai da za a ba shi makulli shi ma ya yi. Ban tanka ba, don mai injin ban ruwa na tsaye kaina. Yau babu kowa, ku jawo benci. Ni Ummaru da kuke gani nan Wurno ina fama da kafireton babura, na yi kakar gasa guda cur a ƙarƙashin irin motar nan, ƙasa bayan ƙasa. Ban taɓa tuƙa ta ba. Amma babu notin da ke jikinta wanda bai san hannuna ba.

Injin farko da na kwance ni kaɗai na wani manomin albasa ne daga Giyawa, ya kawo shi kan jaki garejin maigidana Malam Bawa a Goronyo. Na kama kwancewa ina jefa notuna cikin tasa. Malam Bawa ya bar ni sai da na gama, sannan ya zo ya juye tasar cikin rairayi, ya ce in nemo su in gaya mishi mazaunin kowane. Na wuni ina tonon ƙasa. Daga ranan nan in zan kwance abu sai na shimfiɗa buhu, in jera ƙarafa bi da bi yadda sunka fito, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Shi ya koya mini in ɗora bakin sukundireba kan inji, in kafa kunne ga ƙotar, in ji inda ke ciwo. Masu kawo muna aiki kuwa kun san halinsu. Manomi ya ce injinshi ya ƙi. Bafulatani ya ce babur ɗinshi na tari. Direban bas na Rabah ya ce tana wani abu-abu. Sauran bayani kai za ka nemo shi.

Shekarar da ruwa ya ci fadama, ya kwantar da shinkafa ya tafi da irin albasa, aiki ya mutu a garejinmu. Injuna na nan birjik, an tono su daga laka, amma masu su ba su da halin gyara. Wanda ke neman na tuwo ba ya zancen fistan. Sai mu wuni zaune muna korar ƙuda. Wata safiya Malam Bawa ya kira ni ya ce, "Ummaru, ba ni iya riƙe ka bana. Akwai babbar mota da ke kai albasa Abijan, suna neman bakanike mai bin mota. Na ba da sunanka." Haka na bar gida, da sifanuna cikin jakar buhu.

A wata tafiya giyabos ɗin motarmu ya fara kuka muna shiga Abijan. Munka sauke kaya, anka nuna muna garejin wani tsoho mutumin Burkina, Baba Yakuba. Ya yi zama a Yamai yana saurayi, don haka yana jin Hausa, irin ta kasuwa. Ya ba ni gefe, na shimfiɗa buhuna na kama aiki. Ina ta ganin ƙafafunshi suna zuwa, su tsaya kaina, su wuce. Da na ɗaure na tada inji, sai ya ce, "Basakkwace, wa ya koya maka?" Na gaya mishi. Ya ce, "Zo ka ga wani abu." Ya kai ni ƙuryar gareji ya yaye tamfol.

Ƙaramar mota ce, fara da ratsin kore, ba ta fi tasi ba. Amma ciki babu kujerar baya, babu kafet, babu rediyo. Kujeru biyu ne masu zurfi kamar turmi, sai bututan ƙarfe da anka haɗa da walda sunka kewaye cikinta kamar keji, don in ta kife kar rufi ya danne mutane. Ƙarƙashinta an rufe shi da faranti mai kauri saboda duwatsu. Shokozoba ɗinta guda ta kai damtsena. Baba Yakuba ya ce mai motar za ta shiga gasar ƙasashe ta bana, kanikawanta su biyu ne, shi da wani Salifu mai kula da tayu, yana neman hannu na uku. Na buga wa Malam Bawa waya neman izini. Ya ce, "Tahi, Allah shi ba da sa'a. Kar dai ka tsinke musu noti su ce mutanen Goronyo ba su iya ba."

Bari in gaya muku yadda abin yake, don waya ba ta nuna muku. Ba a sakin motoci tare kamar 'yan gudu. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, kowa na tsere da agogo, kan hanyar daji da anka rufe. In an gama wanga yanki sai a hau kwalta, a bi dokar hanya kamar kowa zuwa yanki na gaba. Haka za a yi 'yan kwanaki. Wanda ya ɓata lokaci mafi ƙaranci shi ya ci, a raba maki, a naɗe kaya a nufi wata ƙasa, ƙarshen kaka a tara. Kuma abin aji-aji ne. Akwai manya, masu tirela cike da kayan gyara da kanikawa kamar sojoji. Su ake fara saki, su ake ɗauka hoto. Mu muna aji na biyu, na masu motar kansu, da namu kambi daban. Hanya ɗaya muke bi da manya, amma bayansu. Kafin a zo kanmu sun kafce ta kamar an yi huɗa, sun tono duwatsu sun bar muna a tsakiya. Su hanya suke bi, mu ɓarnarsu muke bi.

Bakanike kuwa ba ya taɓa mota sai a fili guda da anka ware, kowane ayari da rumfarshi. Mota ta shigo, a duba agogo, a ba ka ɗan lokaci ƙayyadadde, wanda a nan bai ishe ku gardamar wa ya ɗauki sifana ba. In ka wuce shi a ƙara wa direbanka lokaci, abin da ya sha wuya ya samu cikin daji kai ka zubar da shi a inuwa. Don haka tun muna Abijan Baba Yakuba ya sa munka yi ta kwance motar muna ɗaurewa, har hannu ya haddace. Kowane sifana da launin fenti a gindinshi, kowa da kusurwarshi, babu mai ƙetare wani. Akwai wata sandar ɗaurin noti da ke yin ƙas in ɗauri ya kai, ba ya bari a ɗaure komi ba da ita ba. Na ce mishi hannuna ya san ɗauri. Ya ce, "Hannunka na safe ya sani. Na yamma, in ka gaji, maƙaryaci ne."

Mai motar ita ke tuƙa abinta. Madam Awa, gajeriyar mace mai kantin kayan gini, uwarta Bahaushiya ce, mutuniyar garin Tawa. Da ta ji Hausata ta yi dariya ta ce, "Ashe kawuna anka kawo mini." Shi ke nan na zama Kawu, ko da yake ta girme ni. Kujerar dama ta ƙanenta ce, Karim. Shi ba ya tuƙi, hanya yake karanta mata. Kafin gasa sukan bi hanyar a hankali da motar gida, ya rubuta kowace kwana, kowane rami, kowane tudu. Ranar tsere kanshi na duƙe, yana faɗa mata ta cikin hular kwano abin da ke bayan tudun da ba ta gani ba, ita kuma ta taka bisa maganarshi. In ya ce miƙe sai ta miƙe, ko da sama ce kurum gabanta. Kuma ban taɓa samun mai kawo aiki kamarta ba. Tana tsayawa, kafin ta cire hula za ta ce, "Kawu, ƙafar baya ta hagu na sassautawa in na shiga kwanar dama, tun bayan gada." Ka shiga ƙasa, ka iske abin nan inda ta ce.

Sau ɗaya na zauna kujerar Karim. Muna gwaji ne bayan gari, akwai wata ƙara da munka kasa ganowa a tsaye, Baba Yakuba ya ce in shiga in saurara. Sunka ɗaure ni da igiyoyi har numfashi na gagara ta. Ta ja mota. Na ga bishiya ta taho muna ta tagar gefe, ba ta gilashin gaba ba, don motar a karkace take tafiya, Madam kuwa hannunta kan sitiyari kamar mai tankaɗe. Da munka dawo tsohon ya ce, "To, mi ka ji?" Na ce, "Baba, salatina kurum na ji." Sunka yi ta dariya har Salifu na riƙe ciki. Sai washegari na gano ƙarar, wani ɗan maƙalin salansa ne ya saki.

Zagayen farko a ƙasar su Madam anka yi shi, cikin gonakin koko, kan jar ƙasa. Munka zo na biyu a ajinmu, bayan wani saurayi ɗan Zambiya mai baƙar mota, wanda shi ne munka yi ta ja-in-ja da shi har ƙarshen kaka. Daga nan anka sa mota da kayanmu cikin kwantena ta bi teku, mu munka bi sama zuwa gabas. A Kenya na ga ƙasar da ban taɓa gani ba, laushi kamar toka, mota ta faɗa ciki ta nutse har ƙofa, matatar iska ta toshe inji ya shaƙe. Sai da munka riƙa shafa giris bakin akwatin matata, muna canja ta duk shigowa. Kanikawan ɗan Zambiya na rumfar da ke kusa da tamu. Ba mu jin harshen juna, amma in mutum ya ɗaga yatsu ya nuna girman noti, sai ka ga sifana ya taho ta sama. Direbobinmu na tsere, mu muna cin abinci tukunya guda.

A Uganda ne ruwa ya shiga inji. Wani rafi ne da bai kai gwiwa ba ranar da sunka duba hanya, anka yi ruwa kan tudu ya ciko. Muna rumfa muna jira, motocin ajinmu na shigowa, tamu shiru. Doka ta hana mu zuwa. Cikin daji direba da mai karatu kaɗai ke iya gyara, da abin da ke cikin motar. Baba Yakuba ya zauna kan taya yana jan carbi. Can sai ga ta, tana tafe tana tari, laka har rufi. Ashe mutanen ƙauye sunka taya su tura ta tudu, su biyun sunka kwance filogi duka, ta yi ta buga sitata har inji ya amayo ruwan, sunka goge filogin da rigar Karim sunka mayar. Abin da tsohon ya tilasta musu koyo ne a gida, tana yi tana ƙorafi. Hannunta duk ya ƙone. Ta miƙo mini makullin filogi ta taga ta ce, "Kawu, karɓi sana'arka, ba ni so." Na ƙarshe munka zo ranan nan, amma mun gama, kuma wanda ya gama yana da maki.

Giyabos ɗin da munka canja a Ruwanda, ban yi aiki kamarshi ba har yau. Ƙasa ce ta tuddai, hanya na lanƙwasa kamar igiya, giya ba ta hutawa. Karim ya bugo waya daga hanya ya ce giya ta uku ta tafi. Kafin su iso mun shimfiɗa tamfol, mun jera komi, giyabos na ajiya na kan katako. Ruwa ake yi mai ƙarfi. Tana tsayawa Salifu ya ɗaga ta da jak, na zame ƙasa. Faranti zafi, salansa zafi, mai na zubo mini a wuya yana gangarawa cikin riga, ruwan sama na bi ta bayana. Baba Yakuba na sama ta wajen inji, ba ya ihu, sunan abu kurum yake kira, in miƙa ko in karɓa. Munka sauko da tsohon giyabos kan ƙirjina, munka ɗaga sabon, ya ƙi shiga. Haƙoran sandarshi ba su hau na kuloci ba. A nan ne mai gaggawa ke sa ƙarfi ya fasa abu. Na ji muryar tsohon daga sama: "Sassauta. Juya kaɗan. Yanzu." Ya faɗa mazauninshi. Da na fito na iske mutane cike da bakin igiya, har da kanikawan manya, suna tafi. Ta fita bisa lokaci, ta ci ajinmu a zagayen nan, ta hau kan ɗan Zambiya a maki.

Haka munka isa zagayen ƙarshe, a Tanzaniya, muna gaba da 'yar rata. Ba sai mun ci ba, in ta gama kusa da shi kambi namu ne. Kamfanin fentin da ke ɗaukar nauyinmu kuwa, wanda sunanshi ke jikin ƙofa, ya riga ya faɗa a fili: in akwai kambi za su ci gaba baɗi, in babu sun gama. Kowa ya san mi wanga ke nufi ga garejin Baba Yakuba da mu da ke ci a ciki.

Ranar ƙarshe da hantsi, wani dutse da manya sunka tono ya tare ta bayan kwana. Ta kauce mishi, gefen dama ya daki kututture. Ta iso rumfa taya na kallon gefe, ƙofar Karim ta loɓa. Wanga bai tada muna hankali ba, muna da komi. Nan da nan munka canja ƙafar gaba ɗaya. Yanki biyu gajeru sunka rage a gama gasa. Ina ɗaure farantin ƙasa na ga Baba Yakuba ya buɗe ƙofar dama ya durƙusa, yana kankare laka da ɗan yatsa a gindin bututun keji, daidai inda ƙafar Karim ke zama. Ya haska tocila. Ya kira ni da ido. Tsaga ce siririya kamar gashi, sama da walda, ta kewaye fiye da rabin bututun.

Babu wanda ya gani sai mu biyu, kuma dunƙulen laka ɗaya ya isa ya rufe ta. A dokar gasa, keji in ya tsage ba a yi mishi faci a rumfa, mota ta fita ke nan. Kuma ta yiwu ta gama yankunan nan lafiya lau, don keji ba ya aiki sai ranar da mota ta kife. Na dubi tsohon. Ya miƙe, ya goge hannu, ya zagaya wajen tagarta.

"Awa, sauko ki ga wani abu."

Ban taɓa jin ya kira ta babu Madam ba. Ta sauko da hularta a kai, ta durƙusa, ta daɗe tana kallo.

"Baba, za ta kai?"

"In ba ki kife ba, za ta kai."

"In na kife fa?"

"In ta wajenki ne, wataƙila. In ta wajenshi ne, rufin zai sauko."

Karim ya taso yana magana da ƙarfi, rabi Faransanci rabi Hausa, yana cewa shi ke zaune wurin kuma ya yarda, su lallaɓa a hankali su kai, shekara guda sun yi suna wahala. Salifu na goyon bayanshi. Agogo na tafiya, mai kula da lokaci na tsaye bakin rumfa yana leƙo mu. Ta juyo wurina.

"Kawu, kai mi ka gani?"

Na ce, "Madam, abin da Baba ya gani shi na gani."

Ta dubi ƙanenta. "Kai ka yarda. Inna ba ta yarda ba, kuma ni za ta tambaya." Ta kwance igiyar hula, ta cire ta, ta aje kan rufin mota. "Kuma ban iya tafiya a hankali ba, kai ma ka sani."

Da ƙafarta ta taka wurin masu duba motoci na gasa ta zo da su, ta nuna musu tsagar da yatsanta. Babbansu ya haska, ya girgiza kai, ya miƙe ya ba ta hannu.

Ɗan Zambiya ya gama, ya ɗauki kambi, kuma ya cancanta, yaro ne mai hannu. Da anka kira shi kan dandamali Madam na gaba cikin masu tafi. Kamfani ya cika maganarshi, ya janye. Anka sake wa motar keji anka saida ta ga wani. Madam ta koma kantinta. Karim ya yi aure, 'ya'yanshi na makaranta yanzu. Baba Yakuba ya koma gyaran manyan motoci har Allah ya karɓi abinshi, Allah shi jiƙanshi. Ni na dawo gida na iske fadama ta farfaɗo, Malam Bawa ya sa mini albarka ya ce in buɗe nawa, na zo nan Wurno.

Amma ranan nan bayan azahar, ana can ana kaɗe-kaɗen ba da kofi, ni da Salifu mun fara naɗe tamfol muna jefa kaya cikin akwati ko ta yaya. Sai ga tsohon da bokiti biyu. Ya aje ɗaya gabana. Na ce, "Baba, motar da ta fita gasa, kwantena za ta shiga, wa zai gan ta?"

Bai dube ni ba. Ya tsoma soso, ya fara daga ƙofar da ta loɓa.

"Mutum biyu munka ba ta da safe, ta dawo muna da biyu," ya ce. "Ba ta shiga jirgi da laka. Kama can gefen."

Na kama. Ba mu daɗe ba sai ga Madam ta dawo daga wurin taro. Ta tsaya tana kallonmu, sannan ta naɗe hannun rigarta ta tsere, ta ce wa Karim ya je ya ɗebo ruwa.